Gaɓa ta Biyar: Manyan da ke Koyon Jita a Gaban Waya

Bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, unguwa ta yi tsit sai ƙarar janareta daga nesa. Magidanci ya jingina wayarsa da filas ɗin shayi, ya ɗora jita a cinya, ya kunna bidiyo. Malamin da ke ciki ya ce a sa manuniya a gaɓa ta biyar ta tsirkiya mafi kauri, sannan a sa ƙaramin yatsa a gaɓa ta takwas. A hannun malamin abin kamar shan ruwa. A hannun ɗalibi kuwa ƙaramin yatsa ya ƙi kaiwa, da ya kai ɗin ma sai tsirkiyar ta yi wata ƙara kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Ya mayar da bidiyon baya. Karo na shida ke nan.

Irin wannan zama ana yin sa a Kano da Maraɗi kamar yadda ake yin sa a Landan da Jakarta, kuma masu yin sa ba kaɗan ba ne. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, kamfanin Fender na Amurka, wanda ya shahara da ƙera jita, ya ba da kyautar wata uku a manhajarsa ta koyarwa mai suna Fender Play. Da farko mutum 100,000 ya yi wa tanadi. Nan da nan gurbin ya cika, har sai da ya ɗaga adadin zuwa miliyan ɗaya. Shi wannan kamfanin ne kuma ya fitar da lissafin da ke tayar da hankali: shugabansa na lokacin, Andy Mooney, ya sha faɗin cewa cikin mutum goma da suka fara koyon jita, tara suna ajiye ta kafin shekara ta zagayo.

Yawancin masu ajiyewar ba rashin malami ne ya kore su ba, don malamai sun yi yawa. Justin Sandercoe, ɗan tsibirin Tasmaniya da ya yi ƙaura zuwa Ingila, ya buɗe shafinsa na JustinGuitar a 2003, ya koma sa darussa a YouTube a 2006, kuma yau yana da darasi sama da dubu da ake kallo kyauta. Marty Schwartz a da malamin kiɗa ne a wata makaranta a Kalifoniya. Da aikin ya kuɓuce masa sai ya koma gaban kyamara, kuma tashar da ya buɗe a 2016, Marty Music, tana da mabiya miliyoyi. Akwai Paul Davids a Holan, akwai wasu da Faransanci, da Larabci, da Sifaniyanci. Abin da a da sai mutum ya yi shekaru yana riƙe wa ubangida jaka kafin a nuna masa, yanzu yana cikin aljihu.

Ga Bahaushe da ya manyanta, bidiyo ya warware wata matsalar da ba ta shafi yatsu ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, da gidajenta da matsayinta, kuma ba kowane mai iyali ne zai yarda a gan shi ya ratayo jita yana neman mai koya masa ba. Waya ba ta kai labari majalisa. Mutum zai yi kuskurensa a ɗaki, ya maimaita, ba wanda ya ji sai bango.

Tsani mai matakai goma sha biyu

Abin da makaɗa ke kira sikel, tsanin sauti ne: jerin sautuka da aka zaɓa, ana hawa daga ƙasa zuwa sama, ana saukowa. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka gicciya, su ne suka raba wuyan gaɓa-gaɓa. Duk gaɓar da aka matsa gaba, sauti ya hau mataki ɗaya. In aka kai gaɓa ta 12, an raba tsirkiyar gida biyu daidai, sai sautin farko ya dawo amma da siririyar murya, kamar yadda miji da mata za su rera waƙa guda kowa da muryarsa. Tsirkiya ta biyar daga mafi siranta, in an saita ta daidai aka kaɗa ba tare da an danne ba, tana girgiza sau 110 a sakan; a gaɓa ta 12 kuwa sau 220.

Da wuya waƙa ta taka matakan nan goma sha biyu duka a jere. Zaɓa ake yi. Tsanin da aka fi sani a makarantu da majami'u, mai do re mi fa so la ti, bakwai yake ɗauka, kuma a tsirkiya ɗaya tazararsa ita ce gaɓa 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Sunayen nan sun samo asali ne daga wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11. Nan ma akwai abin da ke rikita sabon shiga. Mai kallon darasin Ingilishi zai ji ana kiran tsirkiyoyi shida da haruffa, E A D G B E. Ɗan Nijar da ke kallon na Faransanci zai ji mi, la, re, sol, si, mi. Abu ɗaya ne, amma sai an faɗa wa mutum.

Sai dai ba da mai bakwai ɗin ake farawa ba. Kusan kowane malamin intanet da mai sauti biyar yake soma wa ɗalibi, wanda ake kira pentatonik, kuma kusan kullum a gaɓa ta biyar. Tazararsa 3, 2, 2, 3, 2 ce. In aka shimfiɗa shi a kan tsirkiyoyi shida sai ya ba da wani fasali mai sauƙin riƙewa wanda makaɗa ke kira akwati: a tsirkiya mafi kauri gaɓa ta 5 da ta 8, a uku da ke biye mata ta 5 da ta 7, a sirara biyun ƙarshe kuma ta 5 da ta 8. Danni goma sha biyu ke nan, hannu bai motsa daga wurinsa ba, manuniya tana tsare da gaɓa ta biyar daga sama har ƙasa. In aka ɗauki akwatin ɗungurungum aka mayar da shi gaɓa ta uku ko ta bakwai, fasalin bai canza ba, tsayin muryar ne kawai ya canza. Wannan ita ce kyautar da jita ke yi wa mai koyo, wadda piyano ba ya yi.

Kunnen da ya riga ya sani

A nan Bahaushe yake da jarin da sau da yawa bai san yana da shi ba. Akasarin waƙoƙin gargajiya na Hausa, daga na daɓe da na reno har zuwa na fada, a kan sauti biyar suke tafiya. Wanda ya tashi yana jin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tal, ko ya saba da garaya da goge da gurmi, kunnensa ya daɗe da sanin inda irin wannan tsani yake hawa da inda yake sauka ya huta. Ba lallai ne sautukan su faɗa daidai kan ƙarafan jita ba, domin goge ba shi da gaɓoɓi, mai shi yana iya tsayawa tsakanin mataki da mataki. Amma dangantakar a fili take.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Ana samun tsanin sauti biyar a kiɗan Sin, da na Habasha, da na Sukotland, da bulus na baƙaƙen fatar Amurka. A 2009, a wani taron kimiyya a birnin New York, mawaƙi Bobby McFerrin ya hau dandamali yana tsalle daga wuri zuwa wuri, kowane wuri da sautinsa. Kaɗan ya rera wa jama'a, sai ga ɗakin gaba ɗaya yana cika sauran da kansa, ba wanda ya koya musu. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali da tsirkiya ɗaya ya fara, kafin ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita a 1956 ya ƙudura sai ya iya. Abin da ya yi bayan nan shi ne ɗora kiɗan garinsu a kan sabuwar aba, kuma da Turawa suka ji suka ce ai wannan bulus ne, sai ya riƙa tuna musu cewa na gida ya girmi na ƙetare.

Abin takaici, darasin da aka shirya a Kalifoniya bai san da wannan jari ba. Misalansa daga waƙoƙin da ɗalibin Amurka ya tashi da su ake ɗaukowa. Sai ɗalibin Zariya ya zauna yana haddace lambobi kamar lambar waya, alhali waƙar da kakarsa ke yi wajen niƙa tana nan kwance a cikin akwatin da yake ta fama da shi.

Gemu da ilimi

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuma ce gemu ba ya hana ilimi. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun sami gaskiya a duka biyun. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa a Jamus sun auna ƙwaƙwalwar masu kaɗa kayan tsirkiya, suka ga sashen da ke kula da yatsun hannun hagu ya fi na sauran mutane faɗi. Faɗin ya fi yawa a wurin waɗanda suka fara tun suna yara, amma waɗanda suka fara daga baya ma ba a bar su hannu rabbana ba. A shekarar dai, Alvaro Pascual-Leone ya sa manya da ba su taɓa kiɗa ba suka riƙa maimaita wani atisayen yatsu biyar a piyano, awa biyu kullum. Cikin kwana biyar kacal aka ga sashen da ke juya yatsun ya buɗe.

Gary Marcus, masanin halayyar ƙwaƙwalwa a Jami'ar New York, ya gwada abin a kansa. Yana da shekara 38 ya ɗauki jita, bayan ya yi rayuwarsa yana ganin shi ba ya iya bin kiɗa ko da tafi. Ya nemi malamai, har ya shiga sansanin kiɗa na yara ya yi wasa tare da 'yan shekara goma sha. A 2012 ya fitar da littafi a kan tafiyar mai suna Guitar Zero. Bai zama gwani ba, kuma bai ce ya zama ba, amma ya kai inda yake kiɗa da mutane har ya ƙirƙiri nasa. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi: in an yi masa bayanin dalilin tazarar 3, 2, 2, 3, 2 zai gane a zama ɗaya. Abin da yake nema ya rasa shi ne lokaci, da kuma haƙurin jin kansa yana kiɗa marar daɗi wata da watanni. Yaro ba ya jin kunyar wannan. Babba ya san yadda kiɗa mai kyau yake, saboda haka kowane kuskure yana sukar sa.

Inda gani bai kori ji ba

Babban tarkon bidiyo shi ne daɗin kallo. A 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Chicago sun wallafa wani bincike da ya kamata duk mai koyo a waya ya san da shi. Sun nuna wa mutane bidiyon wani yana jefa 'yar kibiya tana faɗawa tsakiyar allo. Wasu sau ɗaya suka kalla, wasu sau 20. Waɗanda suka kalla sau 20 sun fi tabbacin cewa za su iya. Da aka ba su kibiyar, ba su fi na sau ɗayan komai ba. An maimaita gwajin da rawa da wasu dabaru, sakamakon bai sauya ba. Ido yana ƙoshi da ganin motsi, ya gaya wa zuciya an iya, alhali yatsa bai taɓa jin nauyin tsirkiya ba.

Ga kuma yadda YouTube yake aiki. Kafin darasi ya ƙare, wasu goma sun yi layi a gefe, kowanne da alkawarinsa: sirrin da malamai ke ɓoyewa, tsani bakwai a minti goma, kuskuren da ke hana ka ci gaba. Ɗalibi ya bar akwatin farko bai nuna ba, ya faɗa na biyu, ya ji wani yana maganar wani tsari dabam ya bi shi. A ƙarshen mako ya kalli awa biyar, ya kaɗa minti ashirin. Su kansu malaman kirki sun san wannan, shi ya sa Sandercoe ya jera darussansa aji-aji, kowane aji da jadawalin atisaye na 'yan mintoci da agogo a gefe.

Game da tsawon zama, akwai tsohon darasi daga gidan waya na Birtaniya. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman sun ba da rahoton yadda aka koya wa ma'aikatan rarraba wasiƙu buga keken rubutu. An kasa su rukuni-rukuni, daga masu awa ɗaya a rana har masu awa huɗu. Masu awa ɗaya ne suka iya cikin mafi ƙarancin awoyi, kuma suka fi riƙe abin. Masu awa huɗu su ne baya. Ga mai aiki da iyali wannan albishir ne. Minti goma sha biyar kowane dare ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma fatar kan yatsu ma haka take so: cikin 'yan makonni take yin kanta in ana taɓawa kullum, in kuwa aka yi mata zama ɗaya mai tsawo sai ta yi bororo a huta dole.

Abin da malamin waya ba ya gani

Malamin da ke cikin bidiyo ba ya ganin ɗalibinsa, kuma wannan gibi ne na gaske. Ba zai ga an shaƙe wuyan jita kamar ana riƙe da tabarya ba. Ba zai ga kafaɗa ta ɗage, ko an danna tsakiyar gaɓa maimakon kusa da ƙarfen, inda sauti ke fita tas da ɗan ƙarfi kaɗan. Kuskure in ya yi wata uku a hannu, cire shi ya fi koyon sabo wuya. Dabarar da ta fi araha ita ce mutum ya juya kyamarar wayar ya ɗauki kansa, ya kalla gefe da gefe da na malamin. Ba daɗi, amma tana tona abin da kunne ya rufe. Wanda yake da hali kuma, ko sau ɗaya a wata ya kai hannunsa gaban mai kaɗawa na gaske, a coci ne, ko a situdiyo, ko wurin masu kiɗan biki.

Wani lokacin ma laifin ba na hannu ba ne. Jita mai araha takan zo da tsirkiyoyi sun yi nisa da wuya, sai an matsa da ƙarfin tsiya kafin sauti ya fita, mai koyo kuma ya ɗauka shi ne bai iya ba. Gyara ne na ɗan lokaci a wurin wanda ya sani. Yanayinmu ma yana da nasa. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Arewa kuwa yakan sauko da shi ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Wanda ya bar tasa a jingine kusa da taga daga Disamba zuwa Fabrairu zai gani.

Sai batun bugu. Tsani ba tare da lokaci ba lissafi ne kawai. Akwai manhajojin metronom kyauta, masu buga ƙas-ƙas daidai wa daida, kuma malamai sukan ce a fara da bugu 60 a minti, sauti ɗaya kowane bugu, kada a ƙara sauri sai an hau an sauko ba tuntuɓe. YouTube ma yana bari a rage gudun bidiyo zuwa rabi ko rubu'i ba tare da muryar ta canza ba. Ƙananan abubuwa ne, amma mutanen da suka koya daga kaset sun yi shekaru suna fatan samun irinsu.

Darasin Agadas

Ko an kiyaye duk wannan, akwai wani bango a gaba. Mutum ya haddace akwatin, yana hawa yana sauka ba kuskure, amma abin da ke fita bai yi kama da waƙa ba. Ya yi kama da mai karanta abacada da sauri. A nan da yawa suke tsayawa, wasu shekaru.

Makaɗan arewacin Nijar sun nuna wata hanyar. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, an haife shi a 1980 kusa da Agadas. Rikicin da ya ɓarke a yankin a 1990 ya kai iyalinsa gudun hijira Aljeriya, a can ya fara taɓa jita, kuma shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon makaɗan jita Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna maimaitawa har su kama abin da hannu ke yi. Ba darussa ba ne, wasa ne kawai aka ɗauka. Ba mai cewa gaɓa ta biyar ko ta takwas. Dole kunne ya yi aikin. Kundinsa Deran ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar kyautar Grammy, a bikin 2019.

Mdou Moctar, ɗan Cintabaraden da ya tashi a Arlit, ya ga makaɗi Abdallah Oumbadougou yana wasa, ya koma gida ya haɗa jitarsa da katako da wayar birkin keke, don iyalinsa ba sa son ya yi kiɗa. Bahago ne. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya ya bazu daga hannu zuwa hannu a Sahel. Sai da ya riga ya zama makaɗi sannan aka nuna masa bidiyon Eddie Van Halen a YouTube yana buga wuyan jita da yatsun hannu biyu. Ya kalla, ya ɗauki dabarar, ya murɗa ta ta koma tasa.

Abin lura a wurin su biyun shi ne waƙar ta riga bidiyon zuwa. Suna da abin da suke so su faɗa, sai suka je neman yadda za a faɗe shi. Mai koyo a ɗaki zai iya bin wannan sawu tun makon farko. Ya rera sauti da bakinsa kafin ya danna shi. Ya kashe bidiyon, ya ɗauki waƙar da ya sani tun yana yaro, ya neme ta a tsirkiya ɗaya, gaba da baya, yadda mai kuntigi yake yi. Ya bar wata tsirkiya mai kauri tana amo a ƙasa, yana yawo da sauti uku kacal a sama, ya saurari wanne ne ke neman tafiya, wanne ne ke kawo shi gida. A akwatin gaɓa ta biyar gidan yana wuri uku: gaɓa ta 5 a tsirkiya mafi kauri, ta 7 a tsirkiya ta huɗu, da ta 5 a mafi siranta. Ranar da kunne ya fara jin su ba tare da ido ya duba ba, ranar ce lambobin suka fara zama kiɗa.

Ga mai ganin ya makara kuwa, a jihar Misisipi ta Amurka an yi wani mutum, James Lewis Carter Ford, da ake kira T-Model Ford. Ya yi aikin gona, ya yi aikin katako, ya tuƙa babbar mota, bai iya karatu ba. Bisa labarin da shi kansa yake bayarwa, yana da shekara 58 matarsa ta saya masa jita, a daren da ta bar gidan ya ɗauke ta ya fara lalube, yana bin abin da ya ji a wurin mawaƙan bulus Muddy Waters da Howlin' Wolf. Kundinsa na farko ya fito a 1997 a kamfanin Fat Possum, lokacin ya haura saba'in. Ya zaga Amurka da Turai yana wasa, bai daina hawa dandamali ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a garin Greenville a 2013.